Kan maganar kocin nan Bob Knight da ka tambaye ni

Ɗana, na ga saƙonka. Ka ce abokan karatunka a Bloomington, garin jami'ar Indiana a Amurka, sun rabu gida biyu kan marigayi Bob Knight, tsohon kocin ƙwallon kwandonta, wasu na cewa gwarzo ne wasu na cewa azzalumi ne, kai kuma ka yi shiru saboda ka taso ka ji ana cewa ba a faɗin aibin mamaci, kana tambaya ko al'adarmu ta hana ka buɗe baki. Toh bari in ba ka amsa yadda na fahimta, amma ka yi haƙuri zan ɗan ja maganar.

Mutumin dai ba ƙaramin koci ba ne, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Ya riƙe ƙwallon kwando na jami'ar Indiyana daga 1971 har 2000, ya ci kofin ƙasa sau 3, a 1976 da 1981 da 1987, kuma yaransa na 1976 wasa 32 suka buga ba su faɗi ko ɗaya ba, wanda har yanzu babu wata jami'a a rukunin farko na maza da ta sake ɗaukar kofin ba tare da an doke ta ba. Shi ya jagoranci Amurka ta ci zinare a Olamfik na 1984 a Los Angeles, lokacin Michael Jordan yana saurayi cikin 'yan wasansa. Da ya ajiye aiki a jami'ar Texas Tech a 2008 wasannin da ya ci a tsawon aikinsa 902. Kuma abin da masoyansa suka fi riƙewa ma ba kofi ba ne, shi ne yaransa suna shiga aji suna gama karatu, a zamanin da wasu jami'o'in ke ta cuwa-cuwa don su samu 'yan wasa.

Amma fa shi ne ya wurga kujera tsakiyar fili a wasansu da jami'ar Purdue a 1985 ana kallo a talabijin. Shi ne kuma ya cafki wuyan ɗan wasansa Neil Reed a wajen atisaye a 1997, yaron ya fito ya faɗa a 2000, mutane da yawa suka ƙaryata shi suka yi masa ca, sai ga bidiyo ya fito. Jami'a ta ja masa kunne na ƙarshe, bai wuce wata huɗu ba ya riƙe hannun wani ɗalibi yana masa faɗa kan yadda ya kira sunansa, shugaban jami'ar Myles Brand ya sallame shi a watan Satumba, ɗalibai suka fito zanga-zanga don an kori kocinsu.

Yanzu maganar al'ada. Abin da aka hana mu shi ne zagin mamaci, kuma akwai hadisi ingantacce a kai, cewa kada a zagi matattu don sun riga sun isa ga abin da suka aikata. A zaman makoki kuwa ko mutum ya cuce ka ba za ka zauna gaban 'ya'yansa kana tona shi ba, wannan rashin tarbiyya ne. Amma ka taɓa lura da abin da ake yi a wajen jana'iza a gida? Ana tashi a yi sanarwa, duk mai bin mamaci bashi ya zo ya samu iyalansa, duk wanda ya ɓata wa ana roƙo ya yafe masa. Ka ga ai al'adar ita da kanta ta yarda mamaci yana iya tafiya da haƙƙin mutane, kuma yafiyar roƙonta ake yi wajen mai haƙƙin, ba 'yan kallo ke yafewa a madadinsa ba. Nan ne nake ganin masoyan Knight suke kuskure, idan suka ce kofi 3 ya wanke shaƙe wuyan yaro. Ba wuyansu aka shaƙe ba. Kuma Reed ɗin shi ma ya rasu tun 2012 yana ɗan shekara 36, shekaru 11 kafin Knight ya rasu a Nuwamba 2023, don haka in kunyar mamaci ake ji sai a ji ta duka biyun, kar a kare babba a riƙa caccakar ƙarami.

Na san me zai zo maka a rai, ai mu ma malaman allo sun zane mu kuma muna yi musu addu'a har gobe. Gaskiya ne, ni ma na sha bulala. Amma ko a lokacin iyaye sun san bambancin malamin da ke horo da wanda zuciya ke ɗibarsa, kuma in uba ya zo yana tambaya ko ya kai ɗansa wajen wane, ana faɗa masa gaskiya ƙasa-ƙasa, ba wanda ya kira wannan gulma. Ni a ganina horon Knight ya amfani yara da yawa, Mike Krzyzewski ma a hannunsa ya buga a makarantar sojoji ta West Point kafin ya zama shahararren koci a jami'ar Duke, amma kujerar da shaƙewar ba horo ba ne, kasa riƙe zuciya ne kawai, kuma da ba ya cin kofi da tuni an kore shi.

Saboda haka in sun tambaye ka ra'ayinka ka faɗa, da alherinsa da laifinsa, ba zagi ba laƙabi. Sai dai ka tuna kai baƙo ne a garin, akwai dattawa a can da suka yi hawaye ranar da ya koma filin wasan Indiana, Assembly Hall, a Fabrairu 2020 bayan kusan shekara 20 yana fushi da jami'ar, in irinsu ne ka fi sauraro ka rage magana. Mahaifiyarka kuma ta ce ka kira ta ranar Juma'a, wai kwana biyu sai saƙo kake turowa ba ta jin muryarka.