Mu ma mun taɓa zana dagi da bishiyoyi

Assalamu alaikum. Ƙanena mai tambaya, tun jiya da dare da na ga rubutunka na kasa wucewa. Ka ce ku matasan unguwa kuna so ku dasa bishiyoyi a filin shaƙatawar da ke kusa da ku, ku jera su su fitar da dagin Arewa yadda za a ga zanen daga sama, kana tambayar wace bishiya ta dace da kuma ta inda za ku fara. Wallahi kamar ka leƙa cikina. Shekara huɗu ke nan da muka yi irin wannan, ni ne ma na yi zanen, da yake rubutun allunan shaguna ne sana'ata.

Kwana uku muka yi da igiya da turaku da farar ƙasa muna fitar da layi. Dashe 120 muka sa, kowanne da ɗan gwangwani an rubuta sunan yaron da ya dasa. Tsofaffi suka fito suna sa albarka, mata suka aiko da kunun zaki. Ban taɓa jin daɗin aiki kamar ranar ba.

To sai wani bawan Allah, ba zan kama suna ba, ya shigo mana da daɗin baki. Ya ce tankin ruwa a wuyansa, kuɗin 'yan garuwa da muka tara na rani ma a ba shi ya riƙe. Ranar dashe ya iso da babbar riga da masu ɗaukar hoto har biyu, ya tsuguna ya tura dashe ɗaya a rami ko ledar bai cire ba, aka ɗauka, ya kakkaɓe hannu ya shiga mota. Damina ta rufa mana asiri, hunturu muka lallaɓa da bokitai. Watan Maris na kamawa wayarsa ta daina shiga. Na je ƙofar gidansa sau biyar, kullum a ce ya fita, alhali ga takalminsa a bakin zaure. Sau biyar fa. Daga baya na ga hoton nan an buga shi ƙato, wai shi ya kawo shirin. Zanen da na yi da hannuna, gwiwata har ta yi kanta.

Wata safiya a Afrilu na bi layin ina taɓa su ɗaya ɗaya. In ka ja sai ya biyo hannunka kamar tsinken tsintsiya, gara ta cinye saiwar. Na iso kan na 'yata, gwangwanin na nan da sunanta, itacen kuwa akuya ta gwaigwaye shi har ƙasa. Na cire gwangwanin na sa a aljihu don kada ta gani. Guda 17 suka rayu. Na bar shi da Allah, amma har yau in na gan shi a masallaci sai na canza sahu.

Don haka kuɗi kada ya kwana a hannun mutum ɗaya. Ku biya mai garuwa kai tsaye duk mako, a gaban shaidu.

Maganar iri kuwa, dalbejiya ce mai haƙuri. Maɗaci na da kyau da inuwa, sai dai yana girma masu neman magani za su sassaƙe shi. Turare shan ruwa gare shi, mangwaro kuma ka gayyato jifa. Ku dasa a Yuli ko farkon Agusta, ruwa ya zauna. A cire leda, a zuba toka a rami saboda gara, kuma kada a dasa ko ɗaya sai kejinsa na ajiye a gefe, ko na ƙaya ne. Ku binne tsohon tulu kusa da gindi kuna cikawa, yana tsattsafowa a hankali.

Af, takarda. Ku karɓi izini a rubuce daga ƙaramar hukuma, mai unguwa ya sa hannu, don filin da ya yi kyau ba ya rasa mai cewa nasa ne.

Bayan abin ya faru ne wani malamin zane ya ba ni labarin garin Kassel na Jamus. Wani mai fasaha, Joseph Beuys, ya jibge dogayen duwatsu 7,000 a dandalin gaban gidan tarihin garin a 1982, ya ce ba a ɗauke dutse sai an dasa bishiya an kafa shi a gefenta. Tsibin na damun mutane, hanyar rage shi kuma ɗaya ce. Shekara biyar ana yi, shi ya rasu a 1986, ɗansa ya dasa ta ƙarshe a 1987. Mu kuwa muka so gamawa a wuni ɗaya saboda hoto. Da yau ne, 30 zan fara da su, kowace a damƙa ta ga gida guda, ba yaro kaɗai ba, har uwarsa ta san tasu ce.

Dagi ma yana da wuya, layukansa na ratsa juna, in rassa suka haɗe sai ya koma dunƙule. Ku ba da tazara sosai, ko ku sa iri biyu masu ganye daban.

Abin da ya fi ci mini rai, akwai kututturen kurna da muka tumɓuke don layi ya miƙe. Mutanen Maraɗi da sassaben zamani irin waɗannan kututturan suka riƙa rainon tohonsu tun shekarun 1980 har gonaki suka cika da itace, mu muka sa gatari. In kun tarar da irinsa ku lanƙwasa zanen ya bi ta kansa.

Igiyar da turakun suna nan a shagona. In kun tsayar da rana ka faɗa a nan, zan zo in ja muku layi, amma ba na shiga hoto.