Ƙololuwar dutsen kan iyaka ta wa ce?

Jiya muna gangarowa ka tambaye ni: idan dutse ya raba ƙasa biyu, ƙololuwarsa ta wa ce, kuma ina ruwan jagora da wannan? To, saurara, ɗana.

Masu shata iyaka galibi doron dutse suke bi, wato inda ruwan sama yake rabuwa, wani ya gangara nan, wani can. Shi ya sa mutum kan tsaya a sama, ƙafa ɗaya a wannan ƙasa, ɗaya a waccan. Haka Everest yake tsakanin Nepal da Sin. Su biyun ma tare suka sanar da tsayinsa a 2020, mita 8,848.86. Amma Mont Blanc har yau ba a daidaita ba. Italiya ta ce iyaka ta ratsa ta kan ƙololuwar, taswirar Faransa kuwa ta haɗiye ta gaba ɗaya. Wannan rigimar manya ce, ba tamu ba.

Tamu tana wajen saukowa. Da hawa ba a cika ɓata ba, don duk inda ka bi sama za ka. Amma ɗauki Chappal Waddi, mai mita 2,419, tsakanin Najeriya da Kamaru. Hazo ya rufe, mutanenka sun gaji, wani ya hango ƙorama ya ce a bi ta. In ta wancan gefen ce, kowane taku nisanta ku yake da motarku, har ku wayi gari a wata ƙasa ba fasfo, ba wanda ya san da zuwanku. Na taɓa yin wannan wautar ina sabon shiga, ban kuma ba.

Don haka da kun isa sama, kafin kowa ya ciro waya ya hau ɗaukar hoto, juya ka kalli inda kuka fito. Duba kamfas, wato na'urar nuna alƙibla, ka rubuta ɓangaren da kuka fito. Izinin hawa da ka karɓa na gefe ɗaya ne, bai tsallaka doron ba.

Ka kuma tilasta musu ɗaukar rigar sanyi ko da ana zufa a gindin dutsen, don kowace mita 1,000 da aka hau zafi kan ragu da wajen digiri 6. Tun da asuba ka yanka lokacin juyawa. In ya cika, ko saura taku ɗari, ku juya.