Bege, fata da sa zuciya: wanne ne na mai shan wahala?

Wata uwa daga Tudun Wada a Jos, wadda ta rasa ɗanta, ta rubuto cewa a zaman makoki fasto ya yi ta maimaita "muna da bege", alhali ita ta san bege a bakin maƙwabtanta Musulmi, masu waƙoƙin begen Annabi. Ko ba "fata" ya kamata ya ce ba?

Mama, Allah ya ƙara miki haƙuri. Fasto bai yi kuskure ba, maƙwabtanki ma haka.

Fata abu ne mara nauyi: ana fatan ruwa ya sauka, ana fatan kasuwa ta yi kyau, ko ya yiwu ko bai yiwu ba. Bege kuwa, a asalin Hausa, kewar wanda ka sani ne, kana ƙaunarsa, ba ya kusa. Amaryar da aka kai wani gari tana begen gida. Mai waƙar bege bai ga Annabi da ido ba, zuciyarsa ce ke can. Wato akwai ciwo a cikin kalmar tun fil azal, shi ya sa nake ganin ta fi dacewa da gidan makoki. Kirista yana begen Almasihu da tashin matattu, kuma yana iya yin haka hawaye na zuba. Na ga matan zumunta suna buga tulu a bakin kabari, muryarsu na rawa, ba su fasa waƙar ba.

Tun 1932 da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, masu fassara ke juya kalmar nan. Duba 1 Korintiyawa 13:13: wani juyi ya ce bege, wani ya ce sa zuciya, a tsakanin bangaskiya da ƙauna. Sa zuciya ta fi fito da jiran abin da aka tabbata yana tafe. A Romawa 5 kuma Bulus ya fara lissafinsa daga shan wuya, ya bi ta jimiri da ingantaccen hali kafin ya iso ga bege.

Kin kuma yi tambaya a kan karin maganar nan, "komai nisan dare gari zai waye". Lura, Bahaushe bai ce dare gajere ne ba, ya amsa nisansa. Waɗanda suka kwana a barikin soja lokacin rikicin Jos na Satumbar 2001 sun san wannan nisan. Idan masu gaisuwa suka faɗa miki ita, ba cewa suke ki share hawaye yau ba.