Tambaya da Amsa: Bawul ne ke cinye min sandar wanke gilashi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sana'ar wanke gilashin benaye a Samaru da Sabon Gari, da sandar nan mai zugewa wadda ruwa ke bi ta tiyo ya fita a buroshi. Na sa mata bawul irin wanda ake fizgar tiyo ya buɗe, a sake fizga ya rufe. Tun daga nan gaɓoɓinta suka fara zamewa, hannuna kuma yana yin baƙi. Bawul ɗin ne ke cinye ta? Ruwa ma saurin ƙarewa yake yi. Daga mai karatu a Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Bawul yana da ɗan laifi, amma babban ɓarawon ƙasa ce. Tiyon da ke jan ƙasa a jiƙe yake, yana kwasar yashi. Duk sa'ad da ka zuge sandar, sai tiyon ya shige da yashin nan cikinta. Da ka ƙara da fizga, sau ɗari ko fiye a yini, ya zama kamar kana goga sanfefa a cikin gaɓoɓin. Baƙin da ke hannunka garin kabon ne, wato jikin sandar ne ke gogewa. Lokacin hunturu abin ya fi muni, don ƙurar Zariya ba ta bar kowace kafa ba.

Maganin ba tsada. Ka riƙe tsumma, ka share tiyon kafin ka zuge sandar da lokacin da kake naɗe ta. Duba murfin gindinta: in ya faɗi ko ya tsage, bakin bututun zai riƙa yankar tiyo, tiyon kuma yana cin bakin. Kowane mako ka zare gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya, ka ɗauraye ciki da waje, ka bar su su bushe. Kada giris ko man inji ya kusance su, maiƙo kama ƙura yake yi. In za a sa wani abu, sai feshin PTFE mai bushewa, wato sinadarin da ke sa santsi ba tare da maiƙo ba.

Zamewar kuwa daga maɗaurin gaɓa ne. Gaɓar ta sirance, shi ya sa ba ya riƙo. Ƙara ɗaure notinsa da kwata ɗin juyi, ka gwada, ka sake. Mai ɗaurewa da ƙarfi gaba ɗaya yakan fasa maɗaurin ko ya matse bututun. Kuma kada ka zuge gaɓa ta wuce alamar tsayawa, nan take karyewa.

Batun ruwa: bawul ɗinka buɗewa da rufewa kawai ya sani, ba ya rage gudu. Famfon tura ruwa da aka saba, mai batir 12V da ƙarfin matsi 100 psi, yana iya tura kusan lita 5 a minti. Jarka mai lita 25 ta ƙare ke nan cikin minti 5. Gilashi kuwa lita 1.5 zuwa 2 a minti ya ishe shi, jarkar ta kai ka minti 12 ko fiye. Sai ka sa na'urar daidaita gudu a wurin famfon. Shaƙe ruwa da rabin buɗe kan famfo yana sa injin ya riƙa tashi yana mutuwa, har makunnin da ke kashe shi in matsi ya yi yawa ya ƙone.

In ka rufe bawul amma buroshi na ɗiga, yawanci yashi ne ya maƙale a zoben robar ciki, ko zoben ya lalace. Ƙaramin matacin ruwa kafin famfo yana hana wannan. In kuma tiyo ya yi laushi saboda rana har fizga ba ta kaiwa bawul, canja shi da mai tauri, milimita 8 waje, 5 ciki.

Abu ɗaya da ba ka tambaya ba: sandar kabon tana ɗaukar wutar lantarki, balle a jiƙe. Layukan Sabon Gari cike suke da wayoyi a kusa da tagogi. Ɗaga kai ka duba kafin ka zuge ta, ko da an ce maka an ɗauke wuta.