Shin Tarayyar Sobiyet ce ta ɗora Fidel Castro a kan mulkin Kyuba?

Tambaya: Malam, gardama ta kaure a majalisarmu. Wasu abokaina sun ce Rasha ce ta ba Fidel Castro makamai ya kifar da gwamnatin Kyuba don ta tsokani Amurka. Ni dai ban gamsu ba. Yaya abin yake? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Kana da gaskiya da ba ka gamsu ba. Ranar 8 ga Janairun 1959 da Castro ya shiga birnin Havana, babu hannun Mosko a nasararsa. Ƙawancen daga baya ya zo.

Wanda ya share masa hanya shi ne Janar Fulgencio Batista, wanda ya yi juyin mulki a watan Maris na 1952, ana gab da zaɓe. Castro, matashin lauya a lokacin, yana cikin masu neman kujerar majalisa a zaɓen da aka soke. Da ƙofar siyasa ta rufe sai ya ɗauki bindiga. Ranar 26 ga Yulin 1953 ya kai hari barikin Moncada, aka murƙushe su, aka yanke masa shekara 15. Abin mamaki, jam'iyyar 'yan gurguzu ta Kyuba tir ta yi da harin, ta ɗauke shi gangancin yara. Batista ya yi masa afuwa a 1955, kuskuren da ya ci shi.

Castro ya tafi Meziko, inda ya haɗu da Che Guevara, likita ɗan Ajantina. A Disambar 1956 su 82 suka dawo cikin ɗan jirgin ruwan nan Granma. Sojoji suka far musu, waɗanda suka tsira suka haɗu a duwatsun Sierra Maestra ba su wuce ashirin ba.

To yaya 'yan tsirarun nan suka ci ƙasa? Gwamnatin Batista ta riga ta ruɓe. Cin hanci da azabtar da 'yan adawa sun sa ɗalibai, manoma, har da wasu 'yan kasuwa sun juya mata baya, kuma Castro a lokacin maganar zaɓe da dawo da tsarin mulkin 1940 yake yi, bai ambaci gurguzu ba. A Maris na 1958 Amurka da kanta ta daina sayar wa Batista makamai. Farmakin da Batista ya kai da dubban sojoji a tsakiyar wannan shekara ya watse, sojojin suka karaya. Da Guevara ya kama birnin Santa Clara, Batista ya tsere zuwa Jamhuriyar Dominika ranar 1 ga Janairu, Amurka kuma ta amince da sabuwar gwamnati cikin mako guda.

Yaƙin cacar baka ya shigo ne wajen riƙe mulkin. Dokar rabon gonaki ta Mayun 1959 ta taɓa kamfanonin Amurka. A Fabrairun 1960 Anastas Mikoyan, mataimakin firimiyan Sobiyet, ya zo Havana, Sobiyet ta yarda ta sayi sukari ta kuma ba da bashi. Matatun Esso, Texaco da Shell suka ƙi tace ɗanyen man Sobiyet, Castro ya ƙwace su, Shugaba Eisenhower ya yanke sukarin da Amurka ke saye. Kowa ya mari ɗan'uwansa sai a rama da wanda ya fi zafi, har hulɗar jakadanci ta yanke a Janairun 1961. Ranar 16 ga Afrilu Castro ya ce juyinsa na gurguzu ne. Washegari 'yan gudun hijirar Kyuba kimanin 1,400 da hukumar leƙen asirin Amurka CIA ta horar suka sauka a gaɓar tekun Kyuba, aka gama da su cikin kwana uku.

Ban yarda cewa Amurka kaɗai ce ta tura shi hannun Mosko ba. Ƙanensa Raúl da Guevara tuni 'yan gurguzu ne, zaɓen da ya yi alkawari bai gudanar ba, kuma kwamandansa Huber Matos, da ya yi ƙorafin kutsen 'yan gurguzu tun 1959, shekara 20 ya yi a kurkuku. Sobiyet ɗin ma don kanta take yi: a rikicin makamai masu linzami na Oktoban 1962, shugaban Sobiyet Khrushchev ya daidaita da shugaban Amurka Kennedy bai ko shawarci Castro ba.