Wace manhaja ce za ta taimaka wajen rubuta halayyar ɗalibi mai buƙata ta musamman?

Tambaya: Ni malama ce a wata makarantar firamare a Agege. A ajina akwai yaro mai lalurar galahanga (autism) da yakan yi ihu ya bar kujerarsa. An ce in riƙa rubuta halayyarsa, amma riƙe littafi ana tsakiyar darasi ya gagare ni. Ko akwai manhajar waya da za ta taimaka?

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari. Akwai, kuma wadda nake ba da shawara a kanta ita ce KoboToolbox, domin ana tsara fom a cikinta kyauta, sannan manhajarta ta waya, KoboCollect, tana karɓar bayanai ko babu intanet, ta tura su idan sabis ya dawo. Google Forms ya fi sauƙin tsarawa, sai dai ba ya aiki sai da data.

Amma kafin ki taɓa waya, ki tsayar da hali guda da za ki bibiya, ki siffanta shi yadda duk wanda ya shigo ajin zai gane shi da idonsa. Kalmar "taurin kai" ba ta ƙirguwa, kuma hukunci ce a kan yaron. "Ya bar kujerarsa ba da izini ba" kuwa ana iya ƙirga sau nawa ya faru da minti nawa ya ɗauka. Fom ɗin ya ƙunshi lokaci da abubuwa uku da masana halayya suke dogara da su: abin da ya faru gab da halin, halin kansa, da abin da ya biyo baya. Ki sa amsoshin su zama na zaɓi, yadda dannawa kaɗan za ta wadatar ba tare da kin ɗauke ido daga sauran yara ba.

Bayan mako biyu ki sauke bayanan a Excel ki duba. Idan ihun yakan zo ne lokacin da aka tayar da janareta, to mai yiwuwa ƙara ce take damunsa. Idan kuma duk sanda ya yi ihu ana fitar da shi daga darasin lissafi, mai yiwuwa ya koyi cewa ihu ne hanyar tsira daga aikin da ya yi masa nauyi. Maganin kowanne daban ne.

Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta yi tanadi a kan neman yardar iyaye wajen tattara bayanan yaro, don haka ki nemi izininsu a rubuce, ki sa lamba a madadin sunansa, kada kuma bidiyonsa ya shiga zauren WhatsApp na malamai. Idan iyayen za su kai shi sashen yara da yake Oshodi, na asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya na Yaba, ki buga musu bayanan su tafi da su.