Tambaya da amsa: Za mu iya bin Gulbin Maradi a kan keke?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a nan Maradi. Mu uku muke son idan an yi hutu mu bi gulbi a kan keke, daga Madarunfa har Gidan Rumji, muna ratsa gonaki da garake, muna kwana a ƙauyuka. Kekuna biyu masu giya ne, ɗaya babu. Wane lokaci ya fi dacewa, kwana nawa za mu ci, kuma me za mu riƙe?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tafiyar mai yiwuwa ce, amma ku cire rai da cewa akwai wata hanya ɗaya da ke bin bakin gulbi daga farko har ƙarshe. Babu ita. Ƙasar da ke ƙarƙashin taya ce za ta yanke muku nisan da za ku ci a yini, ba ƙarfin ƙafarku ba, don haka da ita za mu fara.

Gulbin Maradi daga ƙasar Katsina yake tasowa. Yana bi ta Jibiya, inda aka yi masa madatsa, ya shigo Nijar ta yankin Madarunfa, ya miƙa arewa ta Jirataua zuwa Maradi, ya karkata yamma ta Tibiri da Gidan Rumji, sannan ya sake komawa Najeriya ya haɗu da Gulbin Rima. Da damina kaɗai yake gudu. Sauran watanni cikinsa yashi ne zalla, kuma nan ne wurin da ya fi ko'ina wahalar da keke. Kada faɗinsa da shimfiɗarsa su ruɗe ku. Mita ashirin ba za ku yi ba taya ta nutse.

Ƙasa iri uku za ku yi ta gamuwa da ita. Akwai jigawa, inda ake noman gero da wake da gyaɗa. Rairayi ne, kuma hanyar amalanke da ta ratsa ta sai ta zama rami biyu na yashi mai laushi. Akwai fadama, ƙasar laka, wadda idan ta bushe takan yi tauri keke ya ji daɗinta, sai dai inda shanu suka taka tana da danshi, sawunsu ya daskare ya zama gargada mai karya sufok. Sai kuma ƴar siririyar hanyar ƙafa da ke bin iyakar jigawa da fadama, wadda masu garka da ƴan babur suka daddaɓe. Ita ce taku. Duk inda hanya ta rabu, ku duba wadda ke da sawun keke ko babur sabo, ku bi ta ko da ta fi zagaye. A kwalta mutum da kaya yakan yi kilomita 15 zuwa 18 a awa, a hanyar ƙasa mai tauri 10 zuwa 12, a yashi kuwa turi ne, kilomita 3 ko 4. Wanda ya yi lissafinsa da gudun kwalta, magariba za ta riske shi a tsakiyar gona.

Lokaci kuma, daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu. An gama girbi, laka ta bushe, sauro ya ragu, garake sun yi kore shar da tumatir da albasa da zogale, zafi kuma bai kankama ba. Afrilu da Mayu ku manta da su, zafin yakan haura digiri 40. Damina ta fi kyan gani, amma laka tana cushewa tsakanin taya da madigadi har wili ya daina juyawa, kuma gulbi yakan kawo ruwa daga sama ko da ba a yi ɗigo ɗaya a inda kuke ba. Mutanen Maradi sun san halinsa: ambaliyar 1945 ce ta tayar da tsohon gari daga fadama aka koma tudu. Abin lura a hunturu shi ne iska, wadda ke busowa daga gabas maso arewa. Zuwa Gidan Rumji tana bayanku, tafiya za ta yi daɗi. Dawowa kuwa da ita za ku yi ta karo, musamman daga hantsi zuwa azahar, don haka ku ba dawowa lokaci fiye da zuwa.

Batun tsaro sai mun faɗe shi ƙarara. Yankunan Madarunfa da Gidan Rumji da ke dab da iyaka sun sha fama da ƴan bindiga, satar shanu da satar mutane, musamman wajen dajin Baban Rafi. Saboda haka shawararmu kada ku yi tafiyar a miƙe kuna kwana inda dare ya same ku. Ku mai da Maradi masaukinku, ku raba ta biyu. Ɓangaren kudu, Maradi zuwa Jirataua zuwa Madarunfa, kimanin kilomita 25 ne ta hanyar mota; ku je ta fadama, ku dawo ta babbar hanya a yini guda, kada ku zarce Tafkin Madarunfa zuwa iyaka. Ɓangaren yamma, Tibiri na kusa, kilomita goma da ƴan kai, Gidan Rumji kuma hamsin da ɗoriya ta babbar hanyar Yamai. Idan ta gonaki za ku bi, ku ba shi kwana biyu zuwa, ɗaya ko biyu dawowa. Jimilla kwana huɗu zuwa biyar, ban da ranar hutu. Kafin kowane ɓangare ku tambayi direbobin tasha da jandarma halin da ake ciki a wannan makon, ba na watan jiya ba. In sun ce a dakata, ku dakata. Katin shaida ya kasance a jikinku, kada ku ɗauki hoton shingen jami'an tsaro, kuma la'asar ta yi muku a cikin gari.

Sai keken. Mai giya ya fi, amma marar giya ma zai kai, in dai mai shi ya yarda zai riƙa sauka yana turawa fiye da abokansa. Abin da ya fi giya muhimmanci faɗin taya ne. Wili mai lamba 26 da taya mai faɗin inci biyu shi ne daidai, kuma kayansa ba sa wuyar samu. Siririyar taya ta keken tsere ba ta da aiki a nan, yankar yashi take yi ta nutse. Ku kai kekunan wurin mai gyara mako guda kafin tafiya, ba jajibiri ba, don ku samu ku gwada su. Ya buɗe boris na wili biyu da na feda ya sa sabon giris, ya ɗaure sufok ya daidaita wili, ya canja robar birki in ta cinye, ya duba kotafin, wato ƙusar da ke riƙe hannun feda, a keken da ke da shi, domin in ya fara wasa feda za ta riƙa ƙwanƙwasa har ta lalata sandar. Sirdi a ɗaga shi yadda idan ka ɗora dunduniya a feda tana ƙasa, ƙafarka za ta miƙe. Sirdin da ya yi ƙasa shi ke kawo ciwon gwiwa a rana ta biyu.

Ƙaya ita ce za ta fi cin lokacinku. Karangiya a wando da safa take tsayawa, ba ta cika huda taya mai kauri ba. Masu ɓarna su ne tsidau, da ƙayar aduwa, da ta magarya da gawo da bagaruwa, musamman inda makiyaya suka sassaro rassa ko mai garka ya yi shinge da su. Inuwar itace nan ce wurin hutu, nan ne kuma ƙaya ta fi yawa, don haka a sauka a ɗaga keke, kada a shiga da shi a kan taya. Dabarar da masu gyara suka daɗe da sani ita ce a samu tsohuwar taya da ta suɗe, a yanke gefunanta masu waya, a shimfiɗa ta cikin sabuwar kafin a sa tib. Keke zai ɗan ƙara nauyi, amma yawancin ƙaya ba za ta kai ga tib ba. A goge bakin yankan ya yi sumul, in ba haka ba shi da kansa zai ci tib ɗin.

Kowannenku ya riƙe tib biyu sababbi. Na tarayya kuma: famfo biyu da suka dace da bawul ɗinku, faci kamar ashirin, sholisho biyu da ba a buɗe ba (wanda aka taɓa buɗewa yakan bushe a zafi), sifana 8 da 10 da 13 da 15, filaya, ƴar waya, sufok huɗu ko biyar daidai tsawon naku, mahaɗin sarƙa, da igiyar roba ta tsohon tib don ɗaure kaya. Idan an yi faci, yawancin kuskure biyu ne. Na farko gaggawa: a kankare wurin, a shafa sholisho siriri, a jira kamar minti biyar ya daina ƙyalli, sannan a manna a danne sosai. Na biyu mantawa da ƙayar da ta rage a cikin taya. A zagaya cikinta da tsumma a hankali har a ji inda ya maƙale, a cire, kafin a mayar da tib. In kun ga huji biyu a jere kamar saran maciji, ba ƙaya ba ce, iska ce ta yi kaɗan rim ya matse tib a kan gargada. A yashi ana rage iska kaɗan don taya ta baje, amma da an hau tauri sai a ƙara.

Hawa cikin yashi ma yana da nasa salo. A sauya zuwa giya mai sauƙi tun kafin a shiga, a matsa baya a kan sirdi don gaba ya yi sauƙi, a sassauta riƙon kan keke, a ci gaba da juya feda ba tsayawa, kada a taɓa birkin gaba. In gaba ya fara lilo sau biyu, sauka ya fi. Sarƙa kuma kada ku cika ta da giris ko baƙin mai. Ƙurar hunturu na mannewa ta zama dutsen niƙa a kan haƙoran giya. Kowace yamma a goge ta da tsumma, a ɗiga mai kaɗan, a sake gogewa. In sufok ya karye a wilin baya ta gefen sarƙa, ba ya sauyuwa sai an kwance firiwil, wato haƙoran da sarƙa ke ja a wilin baya, kuma wannan aikin mai gyara ne. A naɗe karyayyen a jikin na kusa da shi, a sassauta birki, a rage kaya, a lallaɓa zuwa gari.

Kaya kada su wuce kilo 15 a kan kariya, a raba su gida biyu su rataya ƙasa-ƙasa. Jakar goyo tana gajiyar da kafaɗa ta ƙara wa mazaunai nauyi.

Ruwa, ku lissafa rabin lita zuwa lita ɗaya a kowace awa ta tuƙi, kowa ya tashi da aƙalla lita huɗu, a cika a duk famfon da aka samu. Hunturu na yaudara, gumi na bushewa nan take mutum bai san yana zubar da ruwa ba. Fitsari in ya yi ja ya ragu, ko kai ya fara sarawa, a nemi inuwa. A kuma sha haɗin gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ruwan tafki da na kududdufi ba na sha ba ne, ba na wanka ba kuma, saboda tsargiya. Ku kalli Tafkin Madarunfa, ku ziyarci kaburburan waliyyai da ke kewaye da shi in kuna so, amma kada ku shiga. Abinci ba zai gagara ba, akwai fura da ƙosai da waina a yawancin garuruwa. Ku ƙara da dabino da ƙuli-ƙuli da soyayyar gyaɗa a aljihu, ku riƙa ci kaɗan-kaɗan tun kafin yunwa ta kama. Kuɗi ya zama canji ƙanana. Ku tashi bayan asuba da gari ya waye, wajen ƙarfe bakwai saura, ku huta daga sha biyu zuwa uku. Safiyar Disamba da Janairu da sanyi, ku riƙe rigar sanyi da bargo, da rawani ko ƙyalle na rufe hanci, da man shafawa don leɓe da dunduniya.

A tuna kuma cewa gonar mutane ake ratsawa. A fadamar Jirataua da makamantanta akwai magudanan ruwa da tiyon injin ban-ruwa kwance a hanya. A ɗaga keke a tsallake, taka tiyo ɗaya na iya jawo rigimar yini. Ba a tsinkar ko da tumatir ɗaya sai an yi sallama da mai garka, wanda sau da yawa shi zai ba ku fiye da abin da za ku roƙa. Bayan hukuma ta sanar da sakin gonaki, garken shanu na sauka fadama. In kun haɗu da su a burtali ku sauka ku ba su hanya, kare in ya taso kada ku gudu, ku sa keken tsakaninku da shi har makiyayi ya kira abinsa. Ku lura da amya a kan itatuwa kafin ku zauna a ƙarƙashi. Wurin kwana kuwa, kada ku kafa shimfiɗa a gona. Ku isa gari da sauran rana, ku nemi ƙofar mai gari, ku ce: “Ranka ya daɗe, baƙi ne ɗalibai daga Maradi, gulbi muke bi, muna neman inda za mu kwana.” Ku riƙe goro ko sukari da shayi na gaisuwa, ku ɗaura gidan sauro ko da sanyi ake, kekuna su kwana a cikin gida, da safe a zazzage takalmi saboda kunama.

Kafin ranar, ku yi gwaji da cikakken kayanku: Maradi zuwa Tibiri ta gonaki, ku dawo ta kwalta. Duk kusoshin da za su kwance, da sirdin da zai ci mutum, da ɗaurin kayan da zai zame, a wannan ƴar tafiyar za su nuna kansu, kuna kusa da mai gyara. Ku bar wa wani a gida sunayen garuruwan da za ku bi kowace rana, ku kira shi kun isa.